Hatimin Malam Baibai

Sunansa na yanka yana nan a takardunsa, amma a layinsu ba mai kiransa da shi. Malam Baibai kowa ya sani, don shekara arba'in da ɗaya ya yi yana rubutu a baibai. Sana'arsa sassaƙa hatimi. Duk wanda ya taɓa duba fuskar hatimi ya san haruffanta a juye suke, sai an dangwala tawada an buga a takarda sannan su miƙe. Wasu masu sana'ar sukan fara rubutawa daidai, su kifa, su kwafa. Shi kuwa fensir kawai yake ɗauka ya zana a kan roba kai tsaye, a juye, yana hira da mai aikin.

Teburinsa yana barandar shagon Tela, maƙwabcinsa kuma abokinsa tun suna samari. A kai akwai wuƙaƙe uku da ya wasa daga karyayyen zarto, da gilashin ƙara girma mai tsagaggen gefe, da soson tawada a cikin gwangwani. Aji huɗu ya yi a makaranta, aka kai shi wurin wani tsoho mai rubuta allunan shaguna, daga nan ya gangaro kan hatimi. Da wannan teburin ya yi aure, da shi ya rene 'ya'ya biyar. Ba mutum ne mai dogon buri ba. In ya gama aiki ya buga a takarda ya ga gefen kowane harafi ya fita tsaf, ranar ta yi masa.

Shekara biyu da suka wuce babban yatsansa na dama ya fara rawa. Likita ya ce shekaru ne. Zane da fensir bai gagare shi ba, in dai manyan haruffa ne a faffaɗar takarda. Wuƙa ce ta daina jin maganarsa. Sai ya zo daidai cikin harafi, inda ake son yanka kamar silin gashi, hannun ya zille ya kwashe rabin kalma. Masu kawo aiki suka riƙa raguwa, ba tare da kowa ya ce masa komai ba. Wata rana ya ce wa matarsa, wadda duk gidan ke kira Inna, yana ganin ƙarshen shekara zai naɗe teburin.

Maganar ta kai kunnen Auta, ƙaramar 'yarsu, wadda ke zanen kayan inji a wata masana'anta mai nisan awa biyu a mota. Ranar Asabar sai ga ta da kwali a bayan tasi.

Na'urar ba ta kai keken ɗinkin Tela girma ba. Tana da ɗan faranti da ake ɗaure roba ko katako a kai, da kai mai tafiya gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa, riƙe da wani siririn ƙarfe mai juyawa. Malam Baibai ya sa masa suna haƙori. Auta ta kafa ta a ɗakin da yayyenta suka bari, ta jona da tsohuwar kwamfutarta.

"Baba, ba hannunka za ta maye ba," in ji ta. "Wuƙar kawai za ta riƙe maka."

"To ita wa ya koya mata?"

"Kai za ka koya mata."

"Ni da ko wayata sai an buɗe mini?"

Asabar bakwai suka yi suna fama. Ya koyi ɗaure roba da maƙalai huɗu don kada ta motsa. Ya koyi sauko da haƙori a hankali har ya taɓa 'yar takardar da aka shimfiɗa a kan robar, ya ja takardar ya ji ta ɗan cije, sannan ya gaya wa manhajar da ke sarrafa na'urar cewa nan ne sifili, daga nan za ta fara lissafin zurfi. Wannan ya shige shi da wuri, don abu ne na ji a yatsa. Ɓeran kwamfuta, ɗan abin nan da ake turawa da hannu, shi ne ya ba shi wuya, kibiyar da ke allon kwamfutar tana tsere masa zuwa kusurwa. Ya karya haƙori biyu. Na farko ya manta da sifili, na biyu ya rubuta zurfin milimita goma a maimakon ɗaya, na'urar ta nutsa har cikin faranti tana kuka, Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

Tela kuwa ya samu abin yi. Kullum da safe sai ya leƙo baranda ya ce, "Injiniya, yau me aka karya?"

"Ɗinka wandonka, tsoho," in ji Malam Baibai. "Kai ne da magana? Jiya na ga wanda ka yi wa mai gyaran agogo, ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya."

A Asabar ta ƙarshe Auta ta nuna masa yadda zai buga kalmomi su fito a allo, ta kuma kunna wani ɗan maɓalli a can cikin saitin manhajar. Ta ce ta bar shi a kunne, duk abin da ya saka na'urar za ta juya shi da kanta kafin ta sassaƙa. Ya ce to. Hankalinsa a lokacin yana kan ɓera.

Ranar Litinin Shugaba ta zo baranda. Ita ce ke riƙe da makarantar ƙananan yara da ke bayan asibiti, kuma tun tana malamar aji shi ke yi wa makarantar hatimi. Nasu ya tsage, ga takardun sakamako za a raba ranar Juma'a. Ta ce Alhamis da la'asar za ta biyo. Ta ɗan dubi hannunsa, ta kawar da kai.

"In ba zai samu ba, Malam, ka faɗa mini, ba komai."

"Zai samu," ya ce. A ransa ya riga ya yanke: in wannan ya gagara, ba sai an jira ƙarshen shekara ba.

Matsala ta farko ta fito tun dare bai yi ba. Ya buga Makarantar Ƙananan Yara, sai manhajar ta ajiye masa ɗan akwati fanko a gurbin Ƙ. Ya gwada salon rubutu shida, duk ba su san harafi mai lanƙwasa ba. Dama haruffan nata ba su taɓa burge shi ba, duk tsayinsu ɗaya kamar sojoji. Ya tuna Auta ta nuna masa ana iya ɗaukar hoton zane a saka, manhajar ta bi layin. Ya samo farar takarda, ya zauna kwana biyu yana zana da'ira da haruffa manya manya, ya cike su da baƙar tawada. A baibai ya zana, mana. Hannunsa bai san wata hanya ba.

Alhamis da hantsi ya ɗauki hoto, ya saka, ya ɗaure roba, ya nemo sifili. Na'urar ta yi minti arba'in tana zuzu, garin roba yana taruwa a gefe. Ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya manna a mariƙin katako, ya buga a takarda. Gefen haruffa ya fita kamar a shekarunsa na ƙuruciya. Ya karanta daga farko har ƙarshe, bai ga aibu ba. Ya fito tsakar gida yana murmushi, ya miƙa wa Inna.

Ta goge hannu, ta karɓa, ta nisanta takardar da ido, ta matso da ita.

"Malam, wannan da wane yare ne?"

"Kamar yaya?"

"Ni dai na ga kamar kalmomin sun ba ni baya."

Ya karɓa ya sake dubawa. Sai da ya ɗora ta kusa da kalandar bango sannan abin ya faɗo masa. Shi ya juya, na'ura ta sake juyawa, hatimin ya miƙe, bugun ya kife. Ya gani a allo, ya gani a roba, ya gani a takarda, duk bai lura ba, domin shekara arba'in sun sa gaba da baya duk ɗaya ne a idonsa.

Inna ta yi dariya har ta dafa bango. Shi bai yi ba. Ya kira Auta sau uku, wayar a kashe, don ba a shiga da ita wurin aikinsu. Ya shiga saitin manhajar neman maɓallin, ya buɗe wannan ya rufe wancan, har ya ji tsoron kada ya ɓata wani abu. Roba ɗaya ta rage masa. Ya ɗauki fensir zai sake zanawa a miƙe, irin na kowa, sai haruffan suka fito a karkace kamar na ɗan aji ɗaya, ga shi kuma aikin kwana biyu ne. Ya ajiye fensirin, ya zuba wa yatsansa ido yana rawa a kan tebur.

Inna ta shigo ta ɗauki zanen farko. Ta juya shi, ta manna fuskarsa a gilashin taga, inda rana ke dukan ɗakin. Tawadar ta ratso ta bayan takardar, baƙa ƙirin, kowane harafi a miƙe.

"Ɗauki hotonka ta nan. In ita juyawa take so, ba ta abin da za ta juya."

Ya dube ta. "Wa ya koya miki?"

"Shekara nawa ina share maka garin roba? Yi sauri, hannuna ya gaji."

Da la'asar yana baranda, hatimin a naɗe cikin takarda. Tela ya riga ya ji labari daga bakin Inna ta katanga, ya kuma raba wa duk layin. Shugaba na isowa ya ce, "Ranki ya daɗe, ki karanta da kyau, yau Injiniya da na'urarsa sun yi gardamar wa ya fi iya baibai."

Ta dangwala a soso, ta buga a bayan wata ambulan, ta ɗaga tana dubawa. Ta sake bugawa a gefe, ta shafa da yatsa. Malam Baibai ya ɓoye hannunsa na dama a ƙarƙashin tebur.

"Ya yi," ta ce. Ta jefa shi a jaka, ta ja zif. "Ɗakin karatunmu ma yana son nasa, mai kusurwa huɗu. Da na ɗauka sai na kai wani wuri. Yaushe zan aiko da kalmomin?"

"Aiko gobe. Ina nan."

Bayan ta tafi ya jawo kujerarsa cikin inuwa, ya ce wa Tela in ya gama surutu ya auna masa na'urar, yana son a ɗinka mata riga saboda ƙura.