Ruwan Dutsen da Na Kawo wa Hajiya

Ni da ban taɓa shiga aji ba sai ranar da aka kira ni gyaran ƙofarsa, ni ne na je Ingila. Babbar 'yarmu tana aikin jinyar tsofaffi a wani ƙaramin gari can, sai ta haihu. Matata Hajiya ba ta iya tafiya, saboda wankin ƙoda da ake mata sau uku a mako a nan Greensboro, inda muke zaune. Aka tura ni, ni da ko riƙon jariri ban iya ba.

Garin a jikin tudu yake, kamar an jingina shi an manta. Babu titin da ke kwance. Ko burodi za ka saya sai ka hau ko ka gangara. Gidajen na dutse ne masu ruwan toka, hazo kan zauna a kansu har hantsi. Tsofaffi sun fi kowa yawa, suna tafe a hankali da karnukansu. A bakin hanyoyi ruwa na zubowa daga jikin dutse ta bututun ƙarfe, ba mai rufe shi. Surukina ya ce a zamanin da, masu hali kan zo daga nesa neman lafiya a ruwan, a naɗe su cikin jiƙaƙƙen farin zane su kwanta. Na ce mu irin wannan naɗin sau ɗaya ake mana. Bai yi dariya ba.

Kwana huɗu ina hawan tudun ina haki ban zauna a benci ko ɗaya ba, domin kowanne da rubutu a jikinsa, na ɗauka da masu shi, kada a zo a tashe ni. Sai da 'yata ta karanta mini: sunayen matattu ne, danginsu suka ajiye musu. Daga ranar na riƙa zama, amma a gefe, in bar wa mai wurin wurinsa.

Da na ba Hajiya labarin ruwan a waya, na zuba gishiri yadda na saba, har da guragu da suka jefar da sanduna. Sai ta ce in taho mata da shi. Shekara biyu ke nan ba ta roƙe ni komai ba.

Na cika gora da hannuna. 'Yata ta ce in tura ta cikin akwati, na ce to. Da ta juya baya na ciro ta na sa a jakar hannu, domin a wurinmu abu mai daraja ba a kwantar da shi tare da takalma. A filin jirgi aka ce ba a shiga da ruwa. Na yi bayani da Hausa, na yi da Faransanci, na ƙarasa da ɗan Turancin da nake da shi. Matar ta saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, ta jefa gorar a kwandon shara.

Da na sauka Greensboro, na ce wa abokina da ya ɗauko ni ya tsaya masallaci mu yi la'asar. Yana sahu, ni ina wurin alwala ina cika wata gora a famfo. Ita na kai mata ɗakinmu na High Point Road.

Likita ya ƙayyade mata ruwan sha, saboda haka murfi ɗaya take sha kowace safiya. Ta yi bisimilla, ta rufe ido, ta ce in sake ba ta labarin garin. In hau da ita tudun, in nuna mata hazon da bututun. Bencin ne kawai ban taɓa ambata mata ba. Kullum nakan ce yau zan faɗa mata gaskiya, sai in ga yadda take riƙe murfin da hannu biyu, in fasa.

Ranar da ruwan ya ƙare ta miƙo mini gorar.

"Malam, in ka je la'asar ka ƙaro mini."

Na tsaya da gora a hannu. Ba ta dube ni ba, ɗankwalinta take gyarawa. Na so in tambayi wanda ya faɗa mata, da tun yaushe ta sani. Na je na cika na dawo, washegari ta sha murfinta, ta ce in ba ta labarin garin.

Na yi niyyar neman gafararta ranar da wannan gorar ta ƙare. Ta rasu da sauran rabi a ciki.