Farin Fentin Baba Sannu

Baba Sannu ake ce masa a layin garejin, don bai taɓa yin aiki da gaggawa ba. Shekara talatin da ɗoriya yana kwance injin manyan motoci, kuma notin da wani zai ɗaure cikin minti ɗaya, shi sai ya wanke shi, ya shafa masa mai, ya juya shi a hannu kamar mai zaɓen zobe. Direbobi suna tsokanarsa, amma duk wanda motarsa ta yi ciwon gaske wurinsa yake zuwa.

Garejin na ƙaninsa ne. Baba Sannu ne ya koya masa riƙe sufana, sai dai ƙanin ya fi shi baki, ya fi shi iya karɓar baƙi, har ya zama mai gareji, yayan kuma ya zauna a ƙarƙashinsa ba tare da ya damu ba.

Abin da ya raba su wata babbar mota ce da gaskit ɗin kan injinta, wato shimfiɗar da ke hana ruwa da mai haɗuwa, ya ƙone. Baba Sannu ya sauke kan injin, ya kai aka goge shi ya miƙe, ya sa sabon gaskit, ya ɗaure notuna da sufana mai awo, daga tsakiya zuwa gefe, zagaye uku. Saura rufe murfi ya tafi asibiti duba idonsa. Da ya dawo ya tarar ƙanin ya rufe, ya sallami mota, wai direba yana sauri.

Bayan kwana huɗu aka jawo ta aka dawo da ita. Tana zafi, tana shan ruwa, salansa na fitar da farin hayaƙi. Direba ya cika gareji da faɗa, mutane suka taru. Ƙanin, don ya wanke kansa, ya juya kan yayansa.

"Yaya, gaskiya ƙarfinka ya ƙare, idon ma ga shi nan. Ka je gida ka huta."

"Bari in buɗe in gani tukuna."

"Ba za ka sake taɓa ta ba."

Baba Sannu ya juya. Ya kwashe kayan aikinsa ya tsallaka titi, ya kafa rumfa daidai ƙofar garejin, inda ƙanin zai riƙa ganinsa safe da yamma. Wata biyu ko keke ba a kawo masa ba, don magana ta zaga cewa tsoho ya kashe inji. Abin ya ci shi ƙwarai, ya kuma ƙulla a ransa cewa a gaban mutanen da aka zubar masa da mutunci, a gabansu zai karɓe shi.

Daga rumfarsa yake kallon yadda ake wahalar da motar. Aka sake lagireto, aka sake famfon ruwa, aka sake tiyo. Duk wanda aka kira sai ya sake wani abu, ta yi tafiyar yini guda ta dawo tana tafasa. Shi kuwa yana zaune yana goge sufanunsa, dariyar mugunta na cinsa a ciki.

Ran nan direban ya tsallako, ya durƙusa.

"Baba, ka taimake ni. Mai motar ya ce in ba ta tashi ba wannan makon, in ajiye makulli."

"Zan duba ta. Amma can cikin garejin, kuma ka kira min duk wanda yake wurin ranar da aka kore ni."

Da hantsi gareji ya cika. Baba Sannu ya sa aka tayar da inji tun yana da sanyi, ya buɗe bakin lagireto, sai ga kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro ƙarfen awon baƙin mai, ya nuna wa jama'a: man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara.

"Iskar inji tana shiga ruwa, ruwa yana shiga mai. Gaskit bai zauna ba."

"To ai abin da na faɗa ke nan," in ji ƙanin. "Wa ya sa shi?"

"Ni na sa shi. Kwance murfin da hannunka."

Aka kashe inji, ƙanin ya kwance murfi. Baba Sannu ya goge kan notunan da tsumma. Al'adarsa ce, duk notin da ya gama ɗaurewa sai ya ja masa layin farin fenti daga kansa zuwa jikin ƙarfe. Ƙanin ya sha ganin haka, ya ɗauka iyayi ne irin na Yaya. Notunan ɓangare ɗaya layinsu a miƙe yake. Na ɓangaren da hannu ke saurin kaiwa kuwa, guda shida, layin ya karye, kowanne ya gota.

"Ku matso ku gani. Nan na bar su, nan kuma wani ya kai su. Ya sa wa sufana dogon bututu ya ƙara musu ƙarfi, don a ganinsa hannun tsoho ba ya ɗaure noti. Ya danne gefe ɗaya, ɗayan ya ɗaga." Ya dubi ƙaninsa. "Wa ya rufe murfin nan?"

Ƙanin ya dubi jama'a. Ya matso ya rage murya.

"Yaya, ka rufa min asiri."

"Tambaya na yi maka."

"Ni ne."

Direban ya yi kamar zai cakume shi, sai da aka rirriƙe. Baba Sannu ya ce a ja motar zuwa rumfarsa. Kwana uku ya yi a kanta, tun daga ranar kuma ba ta sake tafasa ba.

Yanzu motoci a gabansa suke layi, garejin tsallake kuwa akuyoyin unguwa ne ke kwana a inuwarsa. Yayarsu ta zo har rumfa ta ce ya isa haka, ya ji tausayin yaron nan, ya riƙa tura masa ko ƙananan ayyuka.

"Ina jin tausayinsa mana, Yaya. Ni fa na goya shi."

Yana faɗa sai ga wata mota ta rage gudu a ƙofar garejin ƙanin, ita ce ta farko a wannan makon. Ƙanin ya miƙe da sauri yana kakkaɓe wando. Baba Sannu ya fito bakin titi ya ɗaga wa direban hannu, motar ta karkato ta tsallako.