Tsinken Shamuwa

Shekarar da fara ta share mana gona, abin da ya rage a gidanmu na Ngojin shi ne tukunya ɗaya ta irin gero, wadda Inna ta liƙe bakinta da laka. In wannan irin ya lalace a ƙasa, ba mu da wani.

Babana ba mai yawan magana ba ne, amma a bar shi da tsuntsu. Da bazara ta kankama, kullum da safe sai ya tafi bakin tafki ya zauna a gindin kuka, ni kuma in bi shi da tulu, wai ɗiban ruwa. Shi ya nuna mini baƙin tsuntsayen da suka yi rani da mu suna cika ciki za su koma arewa, da shamuwa da ke tahowa daga kudu. Wani Bature yakan zo da madubin hangen nesa yana rubuta su a littafi. Baba bai iya ko alif ba, amma yakan riga shi nunawa.

Sai ga ruwan farko, mai yawa kuwa. Gari ya fita shuka, Baba ya ƙi.

"Malam, shamuwa fa ta zo," in ji Inna.

"Ta zo, amma ba ta ɗauki tsinken sheƙa ba. Ita ma ba ta yarda da ruwan nan ba."

Maƙwabcinmu, wani Babarbare mai barkwanci, ya riƙa leƙo katanga yana cewa, "Yau me malamar taka shamuwa ta ce?" Na ji kunya ƙwarai, har na daina bin Baba. Shi ko a jikinsa.

Sama ta ɗauke. Shukar mutane ta tsiro, ta yi yaushi, ta ƙone. Baba bai yi wa kowa dariya ba, ya ci gaba da zamansa a gindin kuka har Inna ta fara cewa mu ma lokaci zai wuce mu.

Wata safiya ya shigo da sauri, ya ajiye wani busasshen tsinke a gaban Inna. Daga bakin shamuwa ya faɗo, ta fara sheƙa. Inna ta ɗauko dutse ta fasa lakar.

Muna cikin auna iri sai maƙwabcin nan ya yi sallama, da ƙoƙo a bayansa, ya kasa haɗa ido da kowa. Na so a rama, wallahi. Baba ya karɓi ƙoƙon ya cika shi har yana zuba.

"Malamar ta ce a shuka gobe," ya ce masa.

Rabin gonarmu kawai muka iya shukawa a shekarar, kuma ya ciyar da mu. Yau na girmi Baba na lokacin. Duk shamuwar da ta gifta, bakinta nake fara dubawa.