Kwana shidan da Ramatu ta ɓoye wa Linang

Duk wanda ya zauna a benenmu na unguwar Setapak a Kuala Lumpur ya san Ramatu, matar Malam Halliru mai koyar da lissafi a jami'a. Ni Fatsuma ƙofarmu na kallon juna shekara bakwai, don haka idan na ce macen nan ta cika shisshigi, ba ƙage na yi mata ba. Amma shisshiginta na alheri ne.

'Yar wani ƙauye ce a bayan Gwarzo. Ranar da ta sauka Kuala Lumpur ta ƙi shiga lif, ta hau bene hawa tara da ƙafa, ga tsohon ciki. Ba ta taɓa manta kunyar da ta sha ba. Shi ya sa da ta lura da ɗaliban da ake kawowa daga ƙauyukan cikin daji, mutanen asalin ƙasar da ake kira Orang Asli, sai ta ɗora wa kanta ɗawainiyarsu. Ba wanda ya aike ta. Ita ke koya musu shiga jirgin ƙasan cikin gari na LRT, da yadda ake tsayar da malami a tambaye shi abu ba tare da murya ta yi rawa ba. Malayancinta, wato yaren ƙasar, na kasuwa ne, amma tana kai saƙo.

A cikinsu babu wadda ta shiga ranta kamar Linang, yarinya mai karatun aikin jinya, ta farko a ƙauyensu da ta taka jami'a. Ramatu ta yi rantsuwa a gabana cewa sai ta ga yarinyar nan da takardar kammalawa a hannu. Da annoba ta zo aka rufe ɗakunan kwanan ɗalibai, aka hana ƙetare jiha, sai ta shimfiɗa mata katifa a ɗakin 'yarta. A ƙauyen su Linang babu sabis sai an hau tudu, komawa can kuwa daidai yake da barin karatu. Har Linang ta koyi cin tuwo, tana kiran Ramatu Mak, wato uwa.

Ranar wata Talata Linang na ɗaki tana rubuta jarrabawa ta kwamfuta, wayarta a kashe, yayanta ya kira lambar Ramatu daga kan tudu. Mahaifiyarsu ta rasu da safe, zazzaɓi da tari. Ramatu ta shigo wurina ta gaya mini. Ta ce saura takarda huɗu, cikin mako guda za a gama. Mu a gida ai ba a jefa wa mutum labarin mutuwa yana tsakar abu. Sai a ce masa jiki ya ɗan matsa, a bari ya natsu tukuna. Ita kanta sai da ta yi arba'in da haihuwa aka gaya mata rasuwar babanta, kuma har yau tana gode wa waɗanda suka ɓoye mata.

Na ce mata daidai ta yi. Wannan kalmar tana ci mini rai har yanzu.

Haka ta yi mako guda tana dafa wa yarinyar abin da ta fi so, tana shiga banɗaki ta yi kuka ta wanke fuska. Idan Linang ta ce shiru ba a kira daga gida ba, sai ta ce ai damina ce, hawan tudu da wuya. Da yayan ya sake kira, ta ce masa Linang ta ji, kuka ne ya hana ta magana.

Ranar da aka gama takardar ƙarshe ta zaunar da ita, ta kira ni na zama shaida, ta faɗa mata da lallashi irin namu. Linang ba ta yi ihu ba. Ta tambayi ranar kawai, ta ƙirga da yatsu. Sannan ta gaya mana abin da ko ɗayarmu ba ta taɓa tambaya ba. A wurinsu ana hura wuta a bakin kabari kwana shida, 'ya'ya su riƙa zuwa suna ƙara itace, bayan nan an yi sallama ke nan. Kuma ko a cikin kullen annobar, 'yan sanda na ba da takardar tafiya ga wanda uwarsa ta mutu. Wutar ta mutu jiya.

"Mak," ta ce, "me kika ce wa yayana?"

Ramatu ta faɗa mata.

"To duk ƙauyen sun san na ji, na zauna rubuta jarrabawa."

Garin neman gira mun rasa ido. Da aka buɗe hanya Linang ta haɗa jakarta, ta yi godiya kamar baƙuwa, ta ƙi yarda a raka ta tasha. Sakamako ya fito ta ci duka huɗun, amma da aka buɗe jami'a Linang ba ta dawo ba, lambarta kuma ta daina shiga.

Ramatu na nan tana karɓar sababbin ɗalibai. Sai dai yanzu kafin ta nuna musu jirgi ko lif, tana zaunar da kowa ta tambaye shi yadda ake yi a garinsu idan an yi mutuwa, kuma wa yake so ya gaya masa. Katifar Linang na jingine a bayan ƙofa, ta hana kowa ɗauka.