Kanwar Kaka da Zaren da Ya Ƙi Yanka

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, wani zare da ido ba ya gani ya nemi hana ni digiri. RNA ake ce masa, yana cikin ƙwayar halittar kowane mai rai. Yawancinsa ɗan aike ne, amma akwai irin da ke naɗe kansa ya datse wani zaren kamar almakashi, muddin an haɗa shi da narkakken ƙarfen magnesiyam. Nawa kuwa ya ce Allah ya kashe shi ba zai yanka ba. Malamina ya ce in bai yanka kafin jarrabawa ba, sai baɗi.

Na koma gida Agege kamar an jiƙa kaza. Kakata, mai sayar da ɗanwake a bakin layinmu, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke 'yar boko, wa ya mutu?"

Na yi mata bayani har da zane a ƙasa. Zaren ba ya lanƙwasuwa daidai sai ƙarfen ya riƙe shi, kuma ƙarfen ne ke taya shi yankan.

"Au! Wannan ne ya ramar da ke? Ai kanwa yake nema, uwar gami. Ni da nake tafasa wake tun ubanki bai san hanyar Iyana Ipaja ba!"

Haushi ya kama ni, na ce, "Kaka, wannan fa kimiyya ce." Ta ce kimiyyar ta ci gidansu. Da safe ta bi ni har bakin motar danfo, ta cusa mini ƙullin kanwa ungurnu a jaka, kwandasta na ta ihu.

Na mayar da ƙullin aljihun rigar aiki, a can na bar shi. Bayan mako guda muka gano matsalar ni da malamina. A ruwan da nake jiƙa zaren akwai wani sinadari da ke cafke magnesiyam ɗin tun kafin ya isa. Muka sauya ruwa, zare ya yanka. Wallahi sai da na yi kuka.

Da na koma gida na tarar da Kaka tana tsame ɗanwake, ƙafafunta a kumbure saboda tsayuwa. Ashe tun ranar ba ta daina tambayar mahaifiyata labarin zaren ba. Na ce, "Kaka, ya yanka, zan gama bana."

Ta ajiye matsamin, ta goge ido da bakin zani, wai hayaƙi ne.

"Kanwar ta isa dai, ko in ƙaro?"

Na ce ta isa, Kaka.