Ranar da Na Raba Shanun Baba

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare na raba gadon mahaifina. Yana raye, lafiyarsa ƙalau a idona, a lokacin ma yana gona yana cirar gyaɗa. Da shuɗin biro na raba, a littafin lissafi, aka ba ni goma bisa goma.

Malamin lissafinmu ne ya ba mu aikin gida ranar Alhamis. Mun yi sati biyu a kan kaso, rabi da kwata da ɗaya bisa uku, ya gaji da mu. Ya ce kowacce ta je gida ta samo abin da ake rabawa a gidansu, ta rubuto lissafinsa. Ƙawayena duk abu ɗaya suka yi, wannan ta raba mudun gero, waccan ta raba rake. Ni kuwa Allah Ya yi ni da son a ce na fi kowa, ina jin su na ce a raina, haba, rake?

A satin nan a Islamiyya aka karanta mana rabon gado. Gidanmu a Yammedi, Baba yana da shanu takwas. Matarsa ɗaya, Inna. 'Ya'yansa huɗu, maza uku sai ni. Na zauna a ƙofar ɗaki na lissafa. Inna tana da tumuni, ɗaya bisa takwas, saniya ɗaya ke nan. Saura bakwai. Kowane namiji biyu, shida, ni ɗaya. Cif! Ko ƙafar saniya ba ta yi saura ba. Wallahi daɗin da na ji ranar har yau ina jin kunyarsa. Ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa kafin a raba shanun nan sai an ɗauki Baba a makara.

Ranar Litinin malam ya yi mini ƙaton maki da jan biro, ya kuma karanta aikin a gaban aji don a yi koyi da ni. Shi ma bai ga komai ba sai lissafi. Amma a ajin akwai 'yar maƙwabtanmu, bakinta ba ya riƙe ko ruwa. Kafin in cire kayan makaranta, labari ya riga ni shiga gida.

Inna ta tare ni da muciya a hannu. "Ke wace irin yarinya ce? Mutuwa kike kira wa ubanki? Wa ya ce miki ina jiran saniyarsa?" Ta fashe da kuka, abin da ban taɓa gani ba. Na buɗe baki in ce ai lissafi ne kawai, ta ce in na sake cewa lissafi sai ta fasa mini baki.

Bayan la'asar Baba ya aiko a kira ni zaure, in zo da littafin. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Ita mahaifiyar tasa, kakarmu da muke kira Iya, tana nan a gidan, tsohuwa tukuf, ɗakinta na kallon namu. Baba bai yi boko ba, amma ya yi karatun littattafai. Ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya karɓi littafin ya daɗe yana kallon jan makin nan, ya tambaye ni me yake nufi. Na ce yana nufin daidai ne.

"Ba daidai ba ne, Uwata," in ji shi. "Ina rabon Iya?"

Ya ɗora yatsa a kan shafin, ya ci gaba.

"Uwa tana da sudusi, ɗaya bisa shida, in ɗanta ya mutu ya bar 'ya'ya. Ba a karanta muku ba?"

An karanta mana. Na ce, "Baba, ai Iya ta tsufa."

"Wa ya gaya miki ita za ta riga ni?"

Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya miƙo mini littafin ya ce in sake, a nan gabansa, in sa ta a ciki. Na roƙe shi don Allah ya yi haƙuri, in yage shafin, ba zan ƙara ba. Ya ce ba yagewa ya sa ni ba.

Sai na durƙusa a kan tabarma na sake. Da Iya ta shigo, lissafin nan mai kyau ya wargaje. Takwas ta ƙi, na koma ashirin da huɗu: Inna uku, Iya huɗu, saura sha bakwai, sha bakwai kuma ba ta rabuwa gida bakwai. Ina kuka ina gogewa, yana zaune yana jan carbi. Sai da na kai ɗari da sittin da takwas sannan kowa ya samu nasa ba gutsure. Na karanta masa. Ya sa hannu ya yage shafin a hankali, ya ninke, ya zura a aljihu, ya tashi ya tafi alwala.

Daga ranar na fara gudunsa. In na kai masa abinci sai in dire in fito da sauri. In ya ce Uwata, sai in amsa kaina a ƙasa. Kullum ina cewa gobe zan tambaye shi ko ya yafe mini, kullum ina fasawa. Ni da bakina bai taɓa mutuwa a gaban kowa ba, na kasa haɗa kalma huɗu.

An gama sussukar dawa ke nan ya kwanta. Kwana tara ya yi. Sai bayan rasuwarsa Inna ta gaya mini tun farkon damina ya je asibiti a Karaye sau biyu, ya ce mata maganin shawara kawai ya karɓo. Iya ta zauna zaman makokin ɗanta, mata na shigowa suna yi mata gaisuwa, wasu na satar kallona. Na san abin da suke faɗa a hanya. Ni ma shi nake faɗa wa kaina.

Bayan sadakar arba'in aka kira malamin da zai raba gado. Da babban yayana ya buɗe gafakar Baba, sai ga takardar a ninke tsakanin littattafansa. Malamin ya sa aka karanta masa, ya yi nasa lissafin, ya ce haka yake, babu gyara. Iya ta ce a ba ta takardar. Ba ta iya karatu ba, ta juya ta, ta miƙo mini, ta ce, "Takwara, karɓi abinki." Shekara goma sha ɗaya ta ƙara a duniya, ba ta taɓa yi mini maganar ba.

Yanzu ni ke koyar da lissafi a wata makaranta a Rogo. Duk shekara in mun zo kan kaso, ni nake kawo misalan da kaina, lemo da rake. Ba na aiken kowa gida ya nemo.

Takardar tana cikin akwatina. A ƙasan lissafin, inda malam ke sa maki, akwai alamar daidai, ba da jan biro ba, da tawadar allo. Ta karkace, ƙafarta ta juya hagu, irin ta wanda sau ɗaya ya taɓa ganin yadda ake yinta. Ban san ranar da ya yi ta ba. Muna gida ɗaya, ina dire masa kwano ina gudu, tana aljihunsa.