Ragowar Baƙin Mai

Ƙofar garejinmu ta ƙarfe ce, irin wadda ake turawa gefe, mai ƙananan tayoyi da suke bin wani siririn ƙarfe a ƙasa. Tun da muka tare a gidan, a Tudun Wada ta Gusau, maigidana ya ɗauke ta tamkar dabbar kiwo. Malamin gona ne a Tsafe, ya tafi Litinin ya dawo Juma'a da yamma. Asabar da safe kuwa ta ƙofa ce, ko da baƙo a zaure sai dai ya jira.

Da tsintsiya yake farawa, ya share yashin da ya taru a hanyar tayoyin, ya tsince tsakuwa da hannu. Sannan ya ɗauko galan ɗinsa na baƙin mai. Duk lokacin da aka yi wa motarsa juye, ba ya barin tsohon man a wurin makanike, sai ya taho da abinsa gida. Da gashin kaza yake dangwalowa, ya shafa wa tayoyin, ya bi ƙarfen ƙasan daga wannan kai zuwa wancan, ya ɗiga kaɗan a sakata. Nakan tsaya ina masa tsiya, ina cewa mutumin da dugadugansa duk faso ne, bai taɓa tuna su da mai ba sai na yi magana, shi ne yake lallashin ƙarfe. Dariya kawai yake yi. In ya gama sai ya kira ni in tura da yatsa ɗaya, don a cewarsa ni ce mai buɗe masa, ba ya son in wahala. Ƙofar takan tafi da wani gurnani mai taushi, ta je ƙarshe ta yi ƙwas. Mahaifiyarsa, Inna, da take zuwa ta yi azumi a wurinmu duk shekara, takan ce daga cikin ɗaki take gane ɗanta ya iso, tun kafin ya yi sallama.

Juma'ar da bai dawo ba, na buɗe ƙofar bayan la'asar kamar kullum, don ba ya son tsayawa a titi yana hon. Ta zauna a buɗe har aka kira magariba. Awakin maƙwabta suka shiga suka fita. Wayarsa a kashe. Washegari aka ce an tare hanya tsakanin Tsafe da Gusau, an shiga daji da mutane. Ba a ga motar ba, ba a gan shi ba. Dangin da aka kira a waya don kuɗin fansa sun samu abin yi, ko da kuka ne da zirga-zirga. Mu ba wanda ya kira.

Mata suka yi ta zuwa, ba su san irin gaisuwar da za su yi mini ba, jaje ko ta mutuwa. Wata ta fara "Allah ya ji…" sai ta haɗiye sauran, ta ce Allah ya bayyana shi. Duk na amsa da amin. Wasu suka ce ina da tawakkali, wasu suka koma gefe suka ce taurin zuciya ne. Ba ko ɗaya. Ba na jin komai ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina dafa abinci, ina yi wa 'yan matana biyu kitso, ina zuwa makarantar da nake koyarwa in dawo.

Asabar ta zagayo, na ga tsintsiya a hannuna. Na share, na tsince tsakuwa, na shafa mai da gashin kazarsa, na tura da yatsa ɗaya. Garejin ba komai sai tabon mai a siminti, inda motar take kwana. Na rufe. Haka na ci gaba da yi, damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, ban fasa ba kuma ban taɓa tambayar kaina amfaninsa ba.

Sai man ya fara ja da baya. Ban tuna cewa daga cikin motar yake fitowa ba sai da na ga gindin galan. Wan maigidana, wanda muke kira Yaya, mai sayar da hatsi a Bungudu, ya ce baƙin mai ai ba abin nema ba ne, kowane makanike zai cika mini galan kyauta. Na yi godiya, ban je ba. Da ya rage kamar cikin ludayi sai na toshe bakin galan ɗin na ɗora shi a taga. Na san dalilina: ranar da aka ce ga maigidana nan tafe, shi zan shafa wa ƙofar.

Na koma ɗebo man gyaɗa daga kicin, a tunanina mai ai mai ne. Kiyashi suka yi layi a kan ƙarfen, awaki suka riƙa zuwa suna lasa, abin da ya rage ya haɗu da yashi ya daskare ya yi danƙo. Tsatsa ta samu wuri. Ƙofar da yatsa yake turawa ta koma sai da tafin hannu, daga baya sai na sa kafaɗa. Ƙarshe na daina buɗewa, shara kawai nake yi.

A tsakanin nan mutanen ƙauyen su Inna, can bayan Bungudu, suka watse. Gidan Yaya ya cika da dangi har zaure, sai ya kawo mini ita. Ɗaki ɗaya muke kwana, ni da ita da yara, ga ta da ciwon gwiwa da tari, ba ta tafiya sai ta dafa bango. Ba ta taɓa ƙorafi ba, amma ina ganin yadda take takurewa a bakin katifa don kada ta tashi jikokinta.

Wata rana Yaya ya zo ya zauna a tabarma, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar. Yana so a cire ƙofar gareji a toshe wurin da bulo, a fasa ƙaramar ƙofa ta cikin gida, Inna ta samu ɗakinta. Ya kuma ce ya yi magana da malamai, lokaci ya yi da za a je gaban alƙali a san matsayin zaman aurena.

"In an toshe, motar fa?" na ce. "Ina za a sa ta?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Inna ce ta amsa, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Ɗiyata, wace mota? Ni da na haihe shi na bar ma Allah. A toshe ƙohwar ga, ki huta da sharar hanyar da ba mai biyo ta."

Na ce to. Maganar alƙali kuma ban ce komai a kanta ba, shi ma bai sake tayarwa ba.

Ranar aikin, da hantsi, a-kori-kura ta sauke bulo da yashi a ƙofar gida. Magini ya fara da fasa ƙaramar ƙofar ta cikin gida. Mai walda ya ce sai an tura ƙofar ta kai ƙarshe kafin a iya ɗage ta. Shi da magini da Yaya suka haɗu suka tura, ko motsi. Ya buga da guduma, ya ce ba makawa sai dai a yanka ta gida biyu. Na ce su dakata. Na kawo ruwan zafi da tsohuwar wuƙa na kankare danƙon man gyaɗan, na share, na goge da tsumma. Sannan na ɗauko galan daga taga. Na kifa shi a murfin gwangwani na jira har ya tsiyaye, na shafa wa tayoyin, na bi ƙarfen ƙasan iya inda man ya kai. Maza uku suna tsaye suna kallona.

Na sa hannu na tura. Ta ɗan ƙi, sai ta saki. Ta tafi da gurnanin nan nata, ta je ƙarshe ta yi ƙwas.

Sai ga Inna. Daga wurin alwala ta fito, ba takalmi, ba mayafi, buta a hannu. Ba ta dafa bango ba. Ta wuce ni, ta ratsa ta cikin garejin, ta taka tabon man, ta tsaya a bakin titi tana duban kwanar da yake shigowa.

"Ya taho?" ta ce.

Ba kowa a titin sai a-kori-kura da tarin bulo. Butar ta karkace, ruwa yana zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Magini ya juya yana duban yashinsa. Na je na karɓi butar, na riƙe kafaɗarta muka koma ciki a hankali, tana dafa bango. Na zaunar da ita, na kawo mata takalmanta.

Kafin la'asar bango ya kai ƙirji. Na wanke hannuna da sabulu, baƙin bai fita daga ƙarƙashin farce ba. Da Yaya zai koma Bungudu na raka shi zaure, na ce ya sa ranar zuwa wurin alƙalin.

Asabar ta gaba na tashi da safe, na ɗauki tsintsiya na fita. Na tarar da bango, simintin bai gama bushewa ba. Na share gindinsa, tunda tsintsiyar tana hannuna.